Zakin Munsta: Rayuwar Mai Albarka Clemens August von Galen

Kowace shekara ran 22 ga Maris Ikkilisiya Katolika tana tunawa da wani bishop na ƙasar Jamus wanda mutanensa suka yi wa kirari da Zakin Munsta. Mun ga ya dace mu kawo muku tarihinsa a wannan fitowa, domin maganar da ya sa wuyansa a kanta a 1941 ta sake dawowa gaban majalisu da kotuna na ƙasashe da dama. Maganar kuwa ita ce: ko doka za ta yardar wa likita ya kawo ƙarshen ran majiyyacin da aka fid da tsammanin warkewarsa? Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon uwa ko uba yana jin nishinsu ya san nauyin wannan tambaya. Saboda haka bari mu bi rayuwar wannan bawan Allah a hankali, mu ga abin da ya yi, da abin da ya kāsa yi, da abin da ya bar mana.

Asalinsa da kiransa

An haifi Clemens August von Galen ran 16 ga Maris 1878 a Dinklage, cikin yankin Oldenburg a arewa maso yammacin Jamus. Gidansu tsohon gidan sarauta ne da ya daɗe cikin bangaskiyar Katolika, shi ne kuma na 11 cikin 'ya'ya 13. Mahaifinsa ɗan majalisar ƙasa ne a jam'iyyar da Katolika suka fi goyon baya. An yi renon yaran da addu'ar safe da yamma, da sauƙin rayuwa, da koyarwar cewa mai hali bashi ne a kansa ya kula da marar hali. Ya yi karatu a makarantar Fada-fada 'yan Jesuit a Feldkirch ta ƙasar Ostiriya, daga baya ya karanci ilimin tauhidi a Innsbruck da Munsta. Ran 28 ga Mayu 1904 aka keɓe shi firist.

Daga 1906 zuwa 1929 ya yi hidima a Balin, babban birnin ƙasar, inda Katolika ba su da yawa. A can ya ga yunwar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya ga kuma shekarun da kuɗin Jamus ya lalace har albashin safe ba ya sayen burodin yamma. Mutum ne dogo ƙwarai, tsawonsa ya kusa mita 2, mai magana kai tsaye. A siyasa kuwa mai riƙon tsohon tsari ne, mai tsananin kishin Jamus, bai kuma ɓoye rashin amincewarsa da jamhuriyar da ta gaji sarauta ba. A 1929 aka mai da shi Munsta ya shugabanci Majami'ar Waliyyi Lambert.

A Janairu 1933 Hitila ya hau mulki. A Oktoba na wannan shekara aka keɓe Fada von Galen Bishop na Munsta. Kamar yadda yarjejeniyar Roma da Jamus ta tanada, ya yi rantsuwar biyayya ga hukuma, waɗansu kuma suka zaci gwamnati ta sami nata. Amma taken da ya zaɓa wa aikinsa yana nufin cewa yabo ba zai karkatar da shi ba, tsoro ma haka. Tun 1934 ya fara tsawata wa koyarwar 'yan Nazi mai ɗaukaka jini da launin fata bisa Allah. A 1937 yana cikin shugabannin Ikkilisiyar Jamus biyar da Paparoma Pius XI ya kira Roma don shawara, kafin fitar wasiƙar da ta la'anci wannan koyarwa, wadda aka shigar da ita ƙasar a ɓoye aka karanta a majami'u ran Lahadin Dabino.

Kisan da aka sa wa sunan jinƙai

Kafin mu kai ga wa'azin da ya sa duniya ta san sunansa, wajibi ne mu bayyana abin da ke faruwa a asibitocin Jamus a lokacin. Tun 1920, shekara 13 kafin mulkin Hitila, wani masanin shari'a mai suna Karl Binding da wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Alfred Hoche suka wallafa ɗan littafi suna neman doka ta halatta kashe waɗanda suka ce rayuwarsu ba ta cancanci a rayu ba. Sun fara da majiyyacin da ciwonsa ba ya jin magani, wanda ya roƙa da bakinsa, suka gangaro zuwa ga masu taɓin hankali waɗanda ba su roƙi kome ba, suka kuma yi lissafin kuɗin da ƙasa take kashewa a kansu.

A Oktoba 1939 Hitila ya sa hannu a wata 'yar takarda, aka mai da kwanan watanta 1 ga Satumba, ranar da yaƙi ya ɓarke. Takardar ta ba likitansa Karl Brandt da shugaban ofishinsa Philipp Bouhler iko su zaɓi likitocin da za su ba marasa warkewa abin da aka kira mutuwar jinƙai. Ba a taɓa mai da ita doka ba, a asirce aka yi aikin daga wani gida mai lamba 4 a titin Tiergarten a Balin, shi ya sa ake kiran shirin T4. Aka aika wa asibitoci takardun cikewa, ana tambaya wane ciwo ne, shekara nawa mutum ya yi a kwance, yana kuma iya aiki ko ba ya iyawa. Likitocin da ba su taɓa ganin fuskar majiyyacin ba su ne suke duba takardar su sa alamar rai ko ta mutuwa. Sai motoci masu rufaffun tagogi su zo su kwashe waɗanda aka zaɓa zuwa ɗaya daga wurare shida, cikinsu har da Hadamar da Grafeneck da Hartheim, inda ake kashe su da iskar guba a ƙone gawawwakin. Bayan 'yan kwanaki iyali su sami wasiƙar ta'aziyya mai ɗauke da sunan ciwon ƙarya. Zuwa Agusta 1941 an hallaka mutane fiye da 70,000 ta wannan hanya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Iyalai suka fara lura, sistoci masu jinya suka riƙa sanar da firistoci. Bishop Theophil Wurm na Ikkilisiyar Lutheran ya rubuta wa gwamnati a 1940, wani alƙali mai suna Lothar Kreyssig ya kai ƙarar kisan kai, abin ya ci masa kujerarsa. A Disamba 1940 Roma ta bayyana cewa irin wannan kisa ya saɓa wa dokar Allah. Labari ya isa ga Bishop von Galen shi ma a 1940, ya rubuta wa Kadinal Bertram, shugaban taron bishop-bishop na Jamus, yana neman a yi magana. Sai dai yawancin koke-koken cikin wasiƙu suka tsaya, gwamnati kuwa ba ta tsoron takardar da jama'a ba su gani ba.

Wa'azi uku na 1941

A farkon Yuli 1941 jiragen Ingila suka yi wa Munsta ruwan bama-bamai. Mutane suna cikin tone 'yan'uwansu daga ɓaraguzai sai 'yan sandan asiri na Gestapo suka ƙwace gidajen 'yan Jesuit da na sistoci, suka kori mazauna. Ran 13 ga Yuli Bishop ya hau mumbari a Majami'ar Waliyyi Lambert ya kira Gestapo da sunanta, ya nuna cewa ba wanda ya tsira daga a kama shi a kulle ba tare da shari'a ba, har shi kansa. Ran 20 ga Yuli ya yi wa'azi na biyu, ya kwatanta masu bi da uwar maƙera, gwamnati kuwa da guduma, ya tuna musu cewa uwar maƙera ba ta rama duka, amma takan ga bayan guduma.

A wannan wata ne ya sami tabbacin cewa an tsara sunayen majiyyatan asibitin Marienthal, kusa da Munsta, za a kwashe su. Ran 28 ga Yuli ya kai ƙara a rubuce gaban mai gabatar da ƙara da shugaban 'yan sanda, yana dogara ga dokar ƙasa wadda ta hana kisan kai, wadda kuma ta wajabta wa duk wanda ya san za a yi kisa ya sanar da hukuma. Ba wanda ya ba shi amsa, motoci kuwa suka zo.

Ran Lahadi 3 ga Agusta, Bisharar ranar ita ce inda Yesu ya yi kuka a kan Urushalima. Bishop ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da kowa yake raɗa: jerin sunayen, motocin, ƙona gawa, wasiƙun ƙarya. Ya ba da labarin wani manomi mai shekara 55 da ke kwance a Marienthal, wanda ɗansa soja ya ziyarta da ya zo hutu daga bakin daga, ba tare da sanin cewa ganin ƙarshe ke nan ba. Sa'an nan ya kai ga gindin maganar. Ya nuna cewa laifin waɗannan mutane kaɗai shi ne an yanke cewa ba su da amfani, kamar tsohon injin da ya daina aiki ko dokin da ya gurgunce. Ya ce idan aka amince da wannan ma'auni, to, babu wanda ya tsira: tsoho da ƙarfinsa ya ƙare, ma'aikacin da aiki ya naƙasa, sojan da ya dawo da munanan raunuka, duk suna kan layi. Ya tambaya wa zai ƙara amincewa da likitansa, in likita yana da ikon rubuta shi cikin marasa amfani. Ya rufe da doka ta biyar, wadda ta hana kisa, ya tuna musu cewa Allah ne ya rubuta ta a zuciyar ɗan Adam tun kafin a rubuta dokar kowace ƙasa.

Wa'azin ya bazu kamar wutar daji. Mutane suka riƙa kwafe shi da hannu da keken rubutu, ya kai har ga sojoji a bakin daga, jiragen Ingila ma suka riƙa zubo shi daga sama. Cikin manyan 'yan Nazi aka kawo shawarar a rataye shi, amma Goebbels, ministan farfaganda, ya yi gargaɗi cewa in aka taɓa shi an rasa mutanen yankin Westfaliya har ƙarshen yaƙi. Aka ɗage hukuncinsa sai bayan nasara. Ran 24 ga Agusta 1941, mako uku bayan wa'azin, Hitila ya ba da umarnin dakatar da kisan da ake yi da iskar guba a waɗannan wurare. Masana tarihi suna lissafa dalilai fiye da ɗaya, amma suna sa muryar Bishop na Munsta cikin manyansu.

Abin da bai kamata mu ɓoye ba

Gaskiya ɗaci gare ta, amma tarihin tsarkaka ba ya bukatar ado. Kisan bai tsaya ba. An ci gaba da shi cikin asibitoci ta hanyar yunwa da allura har 1945, waɗanda suka mutu duka sun haura 200,000. Ma'aikatan T4 da yawa aka tura su sansanonin Belzec da Sobibor da Treblinka, inda suka yi amfani da abin da suka koya a kan Yahudawa.

Shi Bishop ba a taɓa shi ba, ƙananan ne suka biya. A Lübeck firistoci uku, Johannes Prassek da Eduard Müller da Hermann Lange, tare da Fasto Karl Friedrich Stellbrink na Lutheran, suka yaɗa wa'azinsa, aka fille musu kai a Hambag ran 10 ga Nuwamba 1943. Wannan abu ya yi masa nauyi a zuciya. Haka kuma dole mu faɗa cewa mutumin da ya ɗaga murya domin marasa lafiya bai taɓa hawa mumbari ya yi irin wannan domin Yahudawan da ake kwashewa daga birninsa ba, ya kuma goyi bayan yaƙin da Jamus ta kai wa Tarayyar Sobiyat saboda ƙin kwaminisanci. Ikkilisiya ba ta ce bai yi kuskure ba. Ta ga dai mutum mai rauni irin namu wanda, a sa'ar da aka fi bukata, ya ji tsoron Allah fiye da tsoron mutum.

A Oktoba 1943 bama-bamai suka rushe gidansa, babbar majami'ar Munsta ma ta zama kango kafin yaƙi ya ƙare. Bayan yaƙi bai yi shiru ga sojojin da suka ci Jamus ba, ya tsawata musu a kan wahalar fararen hula. A Fabrairu 1946 Paparoma Pius XII ya naɗa shi Kadinal a Roma. Ya dawo Munsta ran 16 ga Maris, ranar da ya cika shekara 68, ya yi wa dubban mutane jawabi a gaban kangon majami'ar, ya shaida musu cewa tsayawarsu a bayansa ce ta hana a kashe shi. Kwana shida bayan haka, ran 22 ga Maris, ya rasu sakamakon ciwon ciki da aka makara wajen yi masa aiki. Paparoma John Paul II ya yi addu'a a kabarinsa a 1987, ran 9 ga Oktoba 2005 kuma aka sa shi cikin Masu Albarka a zamanin Paparoma Benedict XVI.

Tambayar ta dawo

A ƙarshen Agusta 1941, kwanaki kaɗan bayan umarnin dakatarwa, aka fara nuna wani fim a gidajen siliman Jamus da goyon bayan ma'aikatar Goebbels. Labarin wata matar likita ne wadda ciwon jijiyoyi yake shanye jikinta sannu a hankali. Ta roƙi mijinta ya hutar da ita, ya ba ta magani ta mutu, aka gurfanar da shi, shi kuwa ya juya ya tuhumi dokar da ta hana. Miliyoyin mutane suka kalla, da yawa suka yi hawaye. Masu mulki sun gane cewa jama'a ba za su karɓi motoci masu rufaffun tagogi ba, amma za su saurari labarin mace mai roƙo da miji mai ƙauna.

A zamaninmu jihar Oregon ta Amurka ta fara aiki da dokar taimakon likita ga mai neman mutuwa a 1997, Holan da Beljiyam suka halatta a 2002, Kanada a 2016, Sifen a 2021. A Jamus kanta, Kotun Tsarin Mulki ta yanke a Fabrairu 2020 cewa mutum yana da 'yancin neman taimako ya kawo ƙarshen ransa. Adalci ya wajabta mana mu bambanta. Waɗanda aka kashe a Hadamar ba wanda ya nemi yardarsu, dokokin yanzu kuwa an gina su a kan roƙon majiyyaci da kansa. Masu goyon bayansu da yawa mutane ne da suka ga nasu yana shan azaba, zai zama zalunci mu kira su 'yan Nazi.

Duk da haka tambayoyin Bishop von Galen suna nan a tsaye. Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014, har yara suka shiga ƙarƙashin dokar bisa waɗansu sharuɗɗa. Kanada ta fara da waɗanda mutuwarsu ta gabato, a 2021 ta buɗe wa waɗanda ba su kusa mutuwa ba. Tsohuwar da ta ga 'ya'yanta sun sayar da gona saboda kuɗin asibitinta, in doka ta buɗe mata wannan ƙofa, wa zai tabbatar cewa roƙonta daga zuciyarta ya fito, ba daga kunyar zama kaya ba? Ma'aunin amfani da ya yi yaƙi da shi yana iya shiga zuciyar majiyyaci ba tare da wata gwamnati ta tilasta ba.

Ikkilisiya tana koyar da cewa rai kyauta ce daga Allah, ba halal ba ne a kashe marar laifi da gangan ko da shi ya roƙa. Haka ta maimaita a sanarwar 1980, da wasiƙar Paparoma John Paul II a kan Bisharar Rai a 1995, da wasiƙar 2020 mai ɗauke da sunan Basamariye nagari. Amma kada kowa ya ɗauka tana neman a tsawaita azaba. Tun 1957 Paparoma Pius XII ya bayyana cewa halal ne a ba mai mutuwa maganin kashe zafi ko da zai iya rage kwanakinsa, muddin nufin shi ne sauƙaƙa ciwon. Haka kuma ba dole ba ne a ci gaba da magani mai tsanani wanda ba ya kawo wani amfani sai jan wahala. Barin mutuwa ta zo a lokacinta dabam ne da kawo ta da hannu.

Abin da ya rage gare mu

Bishop von Galen ya sami bakin magana ne domin akwai sistoci da ma'aikatan jinya da suka san majiyyatan da sunayensu, suka lura da gadon da ya zama wofi. Mu ma daga nan za mu fara. Wanda yake roƙon mutuwa sau da yawa zafi ne ya ishe shi, ko kaɗaici, ko tsoron ya zama nauyi, waɗannan kuwa suna da magani. Bari kowace ƙungiya a majami'unmu ta san gidajen da ake jinya, mu karɓi masu jinya su ma su huta, mu taimaka da kuɗin magani, mu tambayi likita maganin zafi ba tare da jin kunya ba. Mu kira Fada tun majiyyaci yana cikin hankalinsa, ya yi ikirari, ya karɓi Shafewar Marasa Lafiya da Jikin Kristi, kada mu jira sai numfashi ya kusa ɗaukewa. Idan mun ce wa mutum kada ya nemi mutuwa, to, wajibi ne mu zauna tare da shi har Mai rai ya karɓi abinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa likitoci da masu jinya, ya kuma ba mu zuciyar da yabo ba ya ruɗinta, tsoro ba ya tanƙwara ta. Mai Albarka Clemens August, ka yi addu'a dominmu. Amin.